Rabin Kwalbar Malam Sa'adu

An yi wani bawan Allah a wani gari, shekarun baya, ana ce masa Malam Sa'adu. Ba likita ba ne, ɗakin magani yake kula da shi a ɗan asibitin garin. Likitan da ke leƙo su ne ya koya masa lissafin allura: a auna nauyin mara lafiya, a duba lafiyar ƙodarsa, a san awa nawa maganin ke yi a jini kafin ya fita, sannan a ja daidai abin da jikin ke buƙata.

Ku saurara. Wata bazara sanƙarau ya shigo garin. Kullum makara, kullum makara. Yara kwance har a baranda, kwalaben allura kuwa ba su kai rabin yaran ba. Sai Sa'adu ya riƙa jera yara bibbiyu, ya fasa kwalba ɗaya ya raba musu bisa lissafi, ba a zubar da ko ɗigo.

Rannan da hantsi matarsa Kuluwa ta shigo da 'yarsu Ramatu a kafaɗa, wuya ya sandare, ido ya juye. Kwalba ɗaya ta rage cikin na ranar. Lissafi ya ce rabi. Ɗaya rabin na 'yar wani maƙeri ne da ke kwance gefe.

Kuluwa ta riƙe rigarsa ta ce, “Malam, ka zuba mata duka. Wa zai sani?”

Jama'a, tsoro ya kama shi. In lissafin ya kuskure fa? In ta mutu a hannunsa fa? Ya sake aunawa, ya sake lissafawa har sau uku, amsa ba ta canza ba. Ya ce, “Allah zai sani. Kuma ƙarin ba zai warkar da ita ba, waccan kawai zai kashe.”

Ya ba kowacce rabinta. Washegari ma haka. Kwana huɗu Ramatu ba ta gane ubanta ba. Ran na biyar ta nemi ruwa. Ta tashi, amma kunnenta na hagu ya tafi har abada. 'Yar maƙeri ma ta tashi.

To, wannan ita ce amana: ka tsaya kan gaskiya lokacin da kake jin tsoro. Mu fa? A rubuta mana magani na kwana bakwai, mu sha na uku mu watsar. Wani ya ninka don ya warke da wuri. Haka muke koya wa cuta ƙin jin magani. Ku ji tsoron ranar da za ku kai ɗanku asibiti, a ce muku allurar ta daina aiki. Allah Ya tsare mu.