Barde Akitsune da Gadar Kurogi

A zamanin da, can cikin tsibiran Japan, an yi wani Sarki matashi da ya gaji sarauta, ya gaji kuma wata damuwa. Kowace damina mutanen ƙauyen Kurogi kan zo ƙofar fada suna neman gonakin shinkafarsu, waɗanda aka ƙwace tun zamanin mahaifinsa bisa zargin sun gudu ranar yaƙi. Waziri, wanda gonakin ke hannunsa, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, a kore su daga ƙasar, mu huta." Sarki ya yarda, amma ya ce sai Barde Akitsune ya sa hatiminsa, tunda shi mawaƙa ke cewa ya tsare gadar Kurogi shi kaɗai, ya kashe mutum ɗari uku.

Akitsune ya haura saba'in. Gwiwoyinsa sun ƙi, takobin da ke ƙugunsa ya yi masa nauyi, waƙar kuwa ya ji ta har ta ishe shi. Ya shigo fada a hankali, ya durƙusa da ƙyar, ya dubi takardar korar, bai taɓa ta ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni dama in yi wa Waziri tambaya, shi da ya rubuta labarin ranar. Waziri, kibiya nawa kwarin barde ke ɗauka?"

Waziri ya ce, "Ashirin da huɗu."

"Takobi fa, sara nawa yake yi a kan sulke kafin ya dushe?"

"Bai wuce goma ba."

"To, sauran mutanen, wa ya kashe su?"



Akitsune ya juya ga Sarki ya ce, "Ni na tsaya a bakin gada, gaskiya ne. Amma mazan Kurogi ne suka shiga ruwa har wuya da gatura, suka sare ginshiƙan. Gada ta rufta da abokan gaba, ta rufta da su ma. Washegari Waziri ya ce mini ƙasa na son jarumi guda, ba manoma ba. Na yi shiru, domin yabo na da daɗi. Yau shekara talatin ke nan, kuma na gaji, ranka ya daɗe. Na gaji ƙwarai."

Sarki ya aika masu ninƙaya kogin. Suka dawo da gatura bakwai masu tsatsa, kowanne da alamar maƙerin Kurogi. Nan take Sarki ya tuɓe Waziri, ya mayar wa ƙauyen gonakinsa, ya umarci malamai su rubuta sunayen mamatan a bakin sabuwar gada. Ya juya ga barden ya ce, "Kai kuma me zan yi da kai?"

"A karɓi takobin nan, a bar ni in kai musu labari da bakina."

Kwana huɗu ya yi yana tafiya da sanda. A bakin ƙauyen ya tarar da wata tsohuwa mai suna Omasa tana shanya shinkafa. Mijinta na cikin waɗanda kogi ya ci. Ya sunkuya har goshinsa ya taɓa ƙasa, ya faɗa mata duk abin da ya faru.

Ta dube shi, ta ce, "Mu ai mun sani tun ranar. Tashi, tsoho, ƙasar da sanyi."

Ta shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ta koma kan shinkafarta. Haka masu ba da labari suka bar mana shi.