Dokar Ɓoye Mutuwa

A wani zamani da ya shuɗe, an yi wani sarki mai suna Jatau, mai tausayi har ya yi yawa. Wata rana aka kawo wa mahaifiyarsa labarin rasuwar ƙanenta, ta yanke jiki ta faɗi, ba ta sake tashi ba. Da aka share makoki, Sarki ya sa aka yi shela cewa duk wanda furfura ta rufe masa kai, kada a ƙara gaya masa mutuwar kowa. In ya tambaya, a ce mutumin ya yi tafiya.

Nauyin dokar ya faɗa wuyan Waziri Ɗanbaba. Shekara da shekaru yana bin gidaje yana hana kuka da ƙarfi, yana sa a fitar da gawa ta bayan gida kamar kayan sata. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Abin da ya fi cin ransa shi ne Iya Tasalla, wata tsohuwa mai dawo. Ɗanta Nomau ya rasu a hanyar fatauci, amma kullum Waziri ya wuce sai ta tambaye shi ko ayarin ya kusa, shi kuwa ya ce ya kusa. Ya sha roƙon Sarki a bar ta ta yi makokin ɗanta, Sarki ya ce ai don lafiyarta aka yi.

Ana nan sai Mijinyawa wanzami ya rasu, abokin Sarki tun suna wasan ƙasa. Waziri ya san abin da ke ƙarƙashin rawanin Sarki, kai ne fari fat. Ya hana kowa a fada ya buɗe baki, aka kai Mijinyawa makwancinsa shiru.

Ranar aski ta zo, wanzami bai zo ba. Sarki ya yi fushi, har ya ce tsufa ya sa Mijinyawa raina mutane. Ya tambayi Waziri inda yake.

Waziri ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ya yi tafiya."

Sarki ya tuna da dokarsa. Ya kai hannu ya taɓa rawaninsa, sannan ya ce, "Ban yi masa salla ba, Waziri. Ban ce na yafe masa ba, har zaginsa na yi yana cikin kabari."

"Don lafiyarka aka yi, ranka ya daɗe."

A ranar aka soke dokar. Sarki ya taka da ƙafarsa, Waziri na biye, har ƙofar Iya Tasalla. Ya durƙusa ya gaya mata gaskiya, yana jiran ta faɗi.

Ba ta faɗi ba. Ta ajiye muciyarta ta ce, "Allah ya ba ka nasara, na sani tun ranar da maƙwabta suka daina kallon idona. Ina tambayar Waziri ne ko Allah zai sa wani ya ce mini sannu da haƙuri."

Ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a zaure, ta zauna. Waziri ya cire takalmansa, ya zama na farko da ya yi mata gaisuwa.