Ƙyauren Zauren Magajin Gari

An ce wai a wani gari an yi wani mai shela ana kiransa Cindo, mutum mai murya, wanda in ya tsaya a bakin kasuwa har masunta a rafi suna jin sa. Aikinsa shi ne ya zauna a zauren Magajin Gari Nomau, ya ji abin da dattawa suka yanke, ya kai wa jama'a.

Wata rana masu yasar rijiya suka kawo labari cewa ruwan marina ya tsiyayo cikin babbar rijiyar gari, mai sha yana iya kwantawa. Magajin Gari ya sa aka tura ƙyaure, ya ce, "In maganar nan ta fita, fatake za su ƙaurace wa kasuwarmu. A gyara a ɓoye. Mu rufa wa garinmu asiri." Kowa ya gyaɗa kai, don rufin asiri kalma ce mai daɗi, ba mai son a ce shi ya ƙi ta.

Cindo ya koma gida ya gaya wa matarsa ta riƙa ɗebo ruwa a rafi, bai gaya wa kowa ba bayan ita. Kullum da safe yakan wuce Arzika maƙeri, amininsa tun suna yara, yana jan guga a bakin rijiyar. Su gaisa, su yi barkwanci, Cindo ya wuce da maganar a bakinsa. Gyara kuwa aka yi ta cewa gobe, har Arzika ya kwanta ciwon ciki, bai tashi ba.

Da Tabawa matar mamacin ta gama takaba, sai ta tafi gaban alƙali Malam Ilu, ta ce, "Allah ya gafarta Malam, na lura tun kafin mijina ya kwanta matan manya suka daina zuwa rijiya. Ni dai a gaya mini, an sani ko ba a sani ba?"

Aka kira Magajin Gari da dattawansa, suka ce su ba su san kome ba. Cindo yana daga gefe, kansa a ƙasa. In ya yi magana ya ci amanar zaure, in ya yi shiru ya sake binne Arzika. Shaida kuwa babu.

Alƙali bai ja zance ba. Ya ce, "Kun sha rana. A kawo wa baƙi ruwa, na babbar rijiya, ya fi sanyi." Aka kawo ƙwarya aka miƙa wa Magajin Gari, ya ce azumi yake yi. Na kusa da shi ma azumi. Ranar Talata ce, amma garin bai taɓa ganin masu nafila da yawa kamar ranar ba. Alƙali ya ce, "To, ni ba na azumi." Ya yi bisimilla ya ɗaga ƙwarya.

Cindo bai san lokacin da ya miƙe ba. Da muryar nan tasa ta kasuwa ya ce, "Malam, kada ka sha! Ruwan nan shi ya kashe Arzika!"

Alƙali ya sha ruwan, ya ajiye ƙwarya, ya ce, "Na randata ne, daga rafi, haka na shirya da yarana. Cindo, wannan ita ce shelar da ka riƙe wata biyar. Da ka yi ta a kan lokaci, da matar nan ba ta yi takaba ba." Ya juya wajen Magajin Gari ya ce, "Asirin mutum ake rufewa, don nasa ne. Rijiya ta kowa ce, labarinta ma na kowa ne. Kun rufe ƙofa kun bar rijiya a buɗe. Rawaninka maganar Sarki ce, zan kai masa. Nawa hukuncin shi ne a cire ƙyauren zaurenku a rufe rijiyar da shi. Zauren kuma ya zauna haka, duk mai wucewa ya ji abin da ake faɗa da sunansa."

Cindo da kansa ya ɗauki ƙyauren a ka ya kai bakin rijiya. A nan ya durƙusa gaban Tabawa yana kuka, ya ce ta yafe masa. Ta ce, "Na yafe, Cindo. Amma kullum kuna gaisawa da shi fa." Ta ɗauki tulunta ta nufi rafi.

Ya ƙara shekara ashirin yana shela, bai sake riƙe ko kalma ɗaya ba, amma bai taɓa iya bin hanyar maƙera ba har ya mutu.

Duk wanda aka ba amanar jama'a ya sani, abin da zai shiga cikinsu ba a ɓoye shi ga kunnensu.