Keziya da Tsinken Gwajin Suga

Akwai wata mata mai suna Keziya, 'yar mai sayar da gero. Tun tana ƙarama take zama gefen uwarta a kasuwa tana kallon awo. Uwar takan cika mudu ta juye wa mai saye, sa'an nan ta sa hannu cikin buhu ta ɗebo ɗan ƙari ta zuba masa. Wannan shi ne gyara, kun san shi. Ni kaina ba na tashi daga gaban mai gyaɗa sai an yi mini, kome ƙanƙantar abin da na saya. In mai sayen ɗan gida ne, hannun uwar yakan ƙara nutsewa cikin buhun. A haka Keziya ta koyi ƙauna: wanda kake so, ka ƙara masa.

Da ta girma sai ta tafi birni, ta sami aiki a wata masana'anta inda ake yin tsinken gwajin suga. Mai ciwon suga yakan soki yatsansa, ya ɗiga jini a bakin tsinken, ya sa shi cikin wata 'yar na'ura, ita kuma ta nuna lamba. Da wannan lamba ake sanin yawan maganin da za a ba shi. Abin da ke karanta jinin kuwa wani sinadari ne da ake shafawa a bakin tsinken, shafi marar kauri, da ƙyar ido ke ganinsa.

Ɗakin aikin fari ne fat, da sanyi, ba a jin kome sai gunjin inji ƙasa-ƙasa. Wani dogon fallen roba yakan yi ta wucewa a hankali, injin yana shimfiɗa masa sinadarin, yana sheƙi kamar raɓa a kan ganye. In ya bushe sai a yanka shi tsinke dubu-dubu. A gefen injin akwai wani ɗan ƙarfe da ake murɗawa don a daidaita kaurin shafin, aka ɗora Keziya a kansa. Ranar da ta fara, mai duba aiki ya ce mata, “Daga wannan baki zuwa wancan, kauri ɗaya. Tsinke na farko da na ƙarshe su faɗi magana ɗaya. Kada ki rage, kada ki ƙara.” Ta riƙe “kada ki rage” da hannu biyu, gama ita ba ɓarauniya ba ce. Ɗayan kuwa ya bi ta bayan kunnenta.

Keziya ta ƙaunaci aikin. Takan tsaya tana kallon fallen yana tafiya, zuciyarta ta bi shi. Sai ta riƙa ganin tsinkayen cikin kwalaye, a bayan mota, suna haye gada, suna hawan duwatsu, suna shiga garuruwan da ba ta taɓa zuwa ba. Tana ganin yatsu iri-iri, na tsofaffi masu kanta, na mata masu lalle, kowane da ɗigon jininsa ja, yana jira a gaya masa gaskiya. Wani lokaci har ta manta tana cikin ɗaki, sai an taɓa kafaɗarta.

Wata rana da hantsi ta duba takardar aiki, ta ga kayan ranar na ƙananan asibitocin yankinsu ne, can bayan duwatsu. Zuciyarta ta yi tsalle, domin mahaifinta yana fama da ciwon suga, a asibitin garinsu kuma ake gwada shi. Mai duba aiki ya zo ya ɗebi tsinkaye kaɗan daga farkon fallen, ya gwada, ya ce daidai ne, ya wuce. An cika mudu ke nan. Keziya ta dubi fallen, ta ga fuskar babanta a cikin sheƙinsa, ta ga inuwar ɗorawar ƙofar gidansu. Ta ce a ranta, “Mutanen gida ne. Yaya zan ba su daidai da na baƙi?” Ta sa yatsa biyu ta murɗa ƙarfen kaɗan. Shafin ya ƙara kauri. Ta wuni tana murmushi a bayan takunkuminta.

Bayan mako shida, ma'aikaciyar asibitin garinsu ta kira ta a waya. Ta ce, “Babanki ya faɗi a gona, gumi mai sanyi ya rufe shi, maƙwabta ne suka kawo shi. Sababbin tsinkayen nan kullum sama suke nunawa, ni kuwa na yi ta ƙara masa magani. Yau na gwada da na tsohon kwali, ashe sugansa ƙasa ya yi. Saura kaɗan mu rasa shi.”

Nan take hankalin Keziya ya koma kan ƙarfen da ta murɗa. Ba wanda ya ga hannunta a ranar, ta kuma san haka. Amma ta tuna ba babanta kaɗai ke da yatsa a bayan duwatsun nan ba. Ta tafi wurin mai duba aiki tana kuka, ta ce, “Ranka ya daɗe, ni ce. Gyara na yi musu.” Ta gaya masa yadda ta murɗa ƙarfen. Kafin rana ta faɗi an aika garuruwa bakwai a tattaro kwalayen, aka kuma ɗauke ta daga kan injin.

Ta hau mota ta tafi gida. Ta tarar da tsohon a kwance a kan tabarma a inuwar ɗorawa, ya rame. Ta durƙusa ta gaya masa duka. Ta ce, “Baba, don ina sonka na ƙara.”

Ya miƙo hannu ya dafa kanta, yatsunsa duk tabon allura. Ya ce, “Na sani, 'yata. Hannun uwarki gare ki. Amma gero ake ƙara wa mutum. Wannan abin, tambayarsa nake yi ya gaya mini halin da nake ciki. Da kin ba ni irin wanda kika ba baƙi.”

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwana: tsinken nan mu ne, sinadarin kuma gaskiya ce da Ubangiji ya shafa a bakinmu. Ya shafa ta da kauri ɗaya domin duk wanda ya zo gare mu da damuwarsa ya ji amsa ɗaya, ko ɗan gida ne ko baƙo. Yawancinmu mun san rage gaskiya zunubi ne. Abin da muke mantawa shi ne, ƙara mata ma ɓata ta ne, kuma waɗanda muka fi ƙauna su muka fi yi wa haka. Ɗan maƙwabci ya yi ƙarya, mu ce ƙarya ce. Namu ya yi, mu ce wayo ne. Ƙawarki ta tambaye ki ko ta kyauta, kin san ba ta kyauta ba, ki ce mata ai ita ce mai gaskiya, ta koma gida ta ƙara a kan abin da ke kashe aurenta. Abin nan yana ci mini rai, domin ni ma na yi shi, kuma da murmushi na yi.

Ku yi gyara a kasuwa, ku yi a tukunya, ku cika wa naku kwano har ya zuba, Allah yana jin daɗin hannu mai sake. Amma ranar da wanda kuke ƙauna ya miƙo muku yatsa ya ce, “Gaya mini yadda nake,” ku janye hannunku daga ƙarfen nan. Keziya ta tarar da babanta da rai. Ba kowa ke samun haka ba.