Dalilin da Ya Sa Jariri Ke Waiwaye

Dalilin da ya sa za ku ga jariri yana rarrafe ya tsaya ya sha kwana, mai tatata kuma ya yi ta hajijiya har ya faɗi, ga shi.

A da can jarirai ba sa juyawa. Inda aka sa fuskar yaro, nan zai miƙe har ya ci karo da bango, ya jingina goshi yana jira a zo a juya shi.

Akwai wata mata, Tasalla, da mijinta Shekarau da 'yarsu ta fari, Kuluwa. Tasalla mai alkunya ce. Ba ta taɓa kiran sunan 'yar farinta ba, balle na miji. Sai dai ta ce "waccan yarinyar".

Wata rana Tasalla ta shiga rumbu ɗibar gero, Shekarau yana kan ɗaki yana jinka. Kakar yarinyar, wadda idonta ya yi rauni, ta ajiye Kuluwa ta shige ciki. Ashe rijiya ta sa yarinyar ta fuskanta, ita kuwa ta miƙe.

Tasalla ta leƙo ta bakin rumbu, ta ga saura taku biyar Kuluwa ta kai rijiyar. Ta san kafin ta sauko, aikin gama ya gama.

"Ke, yarinyar nan!" in ji Tasalla. Kuluwa ta ci gaba da rarrafe.

"Ke, 'yar mutane!" Saura taku biyu.

Sai Tasalla ta runtse ido ta ce, "Kuluwa!"

Yarinyar ta sha jin sunan nan a bakin kowa, amma ban da wannan muryar. Ta tsaya. Ta karkata wuya, kafaɗa ta bi, gwiwa ta bi kafaɗa. Uban ya kira ta daga kan ɗaki, ta juya can. Uwar ta sake kira, ta juyo nan. Tana ta zagaye har jiri ya kwashe ta, ta zauna daɓas tana dariya, rijiya na bayanta.

Da suka sauko, Shekarau ya ce, "Ashe kin san sunanta."

"Bakina ne ya kuɓuce."

"To nawa fa?"

Tasalla ta karkaɗe zaninta ta ce, "Ka nufi rijiyar tukuna."

Sauran jarirai a wurin Kuluwa suka koya. Shi ya sa har yau jariri kan fara juya wuya kafin jiki, yana neman ta inda muryar uwarsa ta fito.