Ƙwayar da Aka Ɓoye a Gwangwanin Madara

Akwai wata tsohuwa mai sayar da gawayi, kowa Inna yake ce mata. Ba ta yi boko ba, amma abu ba ya wuce idonta. Tana zaune da ɗanta direban babbar mota, da matarsa, da jaririnsu ɗan wata huɗu.

Tun da ɗan ya yi doguwar tafiya, Inna ta ga surukarta ta sauya. A zuba mata abinci, ta ce ta ƙoshi. Ta shiga ɗaki ta turo ƙofa, ta fito tana goge baki.

Yaron kuma, da yake sha ya yi barci, ya koma kuka ba ji ba gani. Ya kama nono ya saki. Wuyan nan nasa mai ninki biyu ya fara sirancewa.

Inna ta shiga zargi. Ko sabon ciki ne take ɓoyewa? Ko ƙawayen nan nata masu dogon farce sun koya mata shaye-shaye?

Wata safiya surukar ta shiga wanka, Inna ta ɗauki tsintsiya kamar mai shara ta faɗa ɗakin. A bayan akwati ta ga gwangwanin madara. Ta buɗe, ba madara, sai kwalbar ƙwayoyi, an kankare takardar jikinta da farce.

Ta ƙulle guda biyu a bakin zani, ta nufi kemis ɗin bakin titi.

“Duba mini wannan, ta mece ce?”

Mai kemis ya juya ƙwayar a tafin hannu. “Inna, ina kwalinta? Wa yake sha?”

“Tambayarka na zo yi, ba na zo ofishin ’yan sanda ba ne.”

“Ba na canki-canka da magani. Ki kawo mai sha.”

Inna ta koma gida, ta dire kwalbar a gaban surukarta. “Goya yaron nan. Sa takalmi.”

A kemis surukar ta sunkuyar da kai, murya can ƙasa. Ta ce maganin rage ƙiba ne, a wani shago ta saya, ba a ma tambayar takardar likita. An ce ta sha ɗaya a rana, ita kuma tana shan biyu don ya yi sauri, ta daina cin abincin rana.

“Kina shayarwa?”

Inna ta karɓe: “Wancan na bayanta buhun gawayi ne?”

Mai kemis bai yi dariya ba. Ya ce irin wannan magani ba na mai ciki ba ne, ba na mai shayarwa ba. Wani yana bin nono ya isa ga yaro, yunwar da take yi wa kanta kuma tana rage nonon. Ya ce da ba ta kankare takardar ba, da an karanta mata haka. Ta daina sha yau, su wuce asibiti yanzu.

A hanya Inna ta kasa haƙuri.

“Ɗana ne ya ce ki rame?”

“Bai taɓa ba.”

“To uban wa ya sa ki?”

Surukar ta gyara goyo, ta ce, “Inna, ranar da baƙi suka zo, kin ce a kira kafinta ya faɗaɗa ƙofar ɗakina don ba na wucewa. Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi.”

Inna ta tuna. Har ta tuna yadda ta maimaita maganar sau biyu don ta ga ta yi wa baƙin daɗi. Duk binciken da ta yi ta yi, ashe mai laifin tana cikin zaninta. Haka suka isa asibiti.

Likita ta ɗora yaron a sikeli, ta ce ya ragu, amma an zo da wuri. Ta ce uwar ta ci, ta sha ruwa. In ta yaye shi ta dawo, a auna ta, a ga abin da ya dace da jikinta.

Inna ba ta iya ban haƙuri da baki ba, kuma ba ta koya ba. Sai dai kullum ta rufe rumfar gawayi da wuri, ta ɗora tukunya, ta zauna a kan kujera sai kwanon surukarta ya koma wayam. Kafin wata ya ƙare, yaron ya koma sha har barci ya kwashe shi da nono a baki.

Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce, “Kai, Maman Jariri, kin sake cika fa!”

Inna ta ɗago kai. “Daga tukunyarki take ci?”

Darasi: Don ana sayar da magani ba takardar likita, ba shi ne ya zama alewa ba. Kafin ki sha maganin rage ƙiba, ki tambayi likita ko mai kemis, ki faɗa masa in kina da ciki, kina shayarwa ko kina shan wani magani. Kada ki ƙara a kan abin da aka ce, kada ki yar da takardarsa. Mu kuma manya mu kama bakinmu a kan jikin mutane. Ku tura wa ’ya’yanku, ku karanta wa iyayensu.