Fiyar Ƙarshe Daga Bishiyar Marigayiya

Akwai wani dattijo a wani ƙauye kusa da garin Naju, sunansa Pyo Gil-nam. A bayan gidansa akwai bishiyar fiya guda ɗaya da matarsa ta dasa shekarar da aka kawo ta. Irin fiyar nan ce rawaya, mai zagaye kamar tuffa, wadda in ka gatsa ruwa ke bin haɓarka. Matar ta rasu, bishiyar ta ci gaba da 'ya'ya, har shekarar da aikin faɗaɗa titi ya biyo ta kanta.

Kafin a sare ta, dattijon ya tsinke 'ya'yan ƙarshe. Ya zauna yana jinjina kowace a tafin hannu. Masu nauyi, masu siririyar fata da faffaɗar cibiya, ya naɗe su ɗaya-ɗaya a tsohuwar jarida, ya jera a ɗakin ajiya mai sanyi. Sai ya ware rabi, ya ce wa ɗansa Tae-sik, wanda ya zo ziyara daga birni, ya kai wa Inna Ok-bun, maƙwabciyarsu da mijinta ya daɗe da rasuwa.

Tae-sik ya ce, "Baba, tsohuwar nan ko haƙori ba ta da shi. Da me za ta ci?"

"Da bakin da take zagina. Kai mata. Da uwarka na da rai, ita ke riƙe mata tsani in za ta tsinki fiya."

Ya kai yana ƙunƙuni, ya dire a bakin ƙofarta ko gaisuwa babu.

Da sanyi ya shigo, tari ya kwantar da dattijon. Likita ya duba hoton ƙirjinsa, ya ce a mayar da shi gida, a ba shi duk abin da ransa ke so.

Tae-sik ya bar aikinsa a birni ya zo jinya, da kwalin tuffa a hannu. Mutum ne mai son tsafta da tsari. Ya shiga ɗakin ajiya, ya ga jaridun a matsayin datti. Ya warware su duka ya ƙone, ya haɗa fiya da tuffa a roba ɗaya ya rufe. Bai tambayi kowa ba.

Makonni suka shuɗe. Dattijon ya daina cin shinkafa, daga baya ko kunu ya daina karɓa. Wata safiya ya ce, "Turara mini fiyar uwarka da zuma. Ita kaɗai ke sauka a maƙogwarona."

Tae-sik ya buɗe robar. Tuffa na nan ƙalau. Fiyar kuwa duk ta yi laushi, ta yi baƙi a ciki, tana tsiyayar ruwa. Iskar da tuffa ke fitarwa ta nunar da ita har ta ruɓe. Ya daɗe tsugune a wurin.

Ya je kasuwa ya sayo mafi tsada, ya turara. Uban ya taɓa cokalin da leɓe, ya juya fuska ga bango.

"Wannan ba tata ba ce."

Bishiyar kuwa, motoci ne ke wucewa ta inda take a da.

Da rana Tae-sik ya tsaya a ƙofar Inna Ok-bun, ya sunkuya har ƙasa, ya faɗi abin da ya yi.

Ta ce, "Au, yau ka tuna da gaisuwa? Ɗan birni, har akuya ta san ba a kwantar da fiya kusa da tuffa."

"Inna, ko ɗaya ta rage?"

Ta shiga ta fito da guda ɗaya cikin jaridarta. "Kullum sai in ce gobe zan ci. Na kasa."

Ita da kanta ta yanke saman, ta ƙwaƙule cikin, ta zuba zuma da citta da magarya, ta mayar da murfin, ta turara har ta yi laushi. Ta kai gidan, ta tallafo kan dattijon ta ba shi ruwan. Ya haɗiye, tarin ya ɗan lafa.

Ya ce, "Bana ta yi zaƙi. Ok-bun, ashe rowa ta hana ki ci."

"Rufe baki ka sha, tsohon banza."

Ya shanye. Ita ce abincinsa na ƙarshe a duniya. Tae-sik na zaune a gefe, da kwanon kawai a hannunsa.

Darasi: Abin da ka ɓoye wa kanka yana iya ruɓewa, abin da ka bayar ne ke dawo maka ranar da ba ka da dabara. Kuma kafin ka gyara ajiyar manya, tambaye su dalilinta. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu jinyar iyaye.